Garmin Catalyst a filin tsere: abin da take koyarwa da abin da ba ta gani

Duk wanda ya saba kai motarsa filin tsere a ranakun da ake buɗe wa 'yan sha'awa ya san matakin da ci gaba ke tsayawa cak. Da farko kowace fita sai ka ga lokacinka ya ragu sosai, domin hanyar kake koyo, tsoro kuma yana sakinka a hankali. Daga nan sai agogo ya kafe. A jikinka kana jin ka fi jiya ƙoƙari, taya na kuka, birki na wari, gumi ya jiƙa cikin hular kwano, amma lokacin zagaye yana nan inda ka bar shi, wani sa'in ma ya ƙaru. A wannan mataki nake lokacin da na ɗaura Garmin Catalyst a motata, kuma mai irin wannan damuwa nake yi wa wannan sharhi. Na'ura ce da na amfana da ita ƙwarai, amma ba kowa zan ce ya saya ba, kuma ba a ranar farko ba.

Kamfanin Garmin, wanda aka kafa a Amurka a 1989, an fi saninsa da na'urorin nuna hanya da agogunan 'yan motsa jiki. A 2020 ya fito da Catalyst domin masu tuƙi a filin tsere. A cikin kwalin akwai allo mai faɗin inci 7, da maƙali mai maganaɗisu da ake manna wa gilashin gaba, da 'yar kyamara mai waya da ake liƙawa a saman gilashi kusa da madubi, sai wayar wuta. Na'urar tana karɓar bayanin tauraron ɗan Adam sau 10 a kowane sakan, tana da ma'aunin da ke jin jan mota gaba da baya da gefe, sannan tana haɗa wannan da hoton kyamara domin ta gane a wane ɓangare na kwalta kake, gefen ciki ko na waje.

Wannan sau 10 ɗin ba ƙaramin abu ba ne. Motar da ke gudun kilomita 144 a awa tana cin mita 40 a sakan guda. Yawancin wayoyin hannu sau ɗaya tak suke duba wuri a sakan, ke nan tsakanin dubawa da dubawa motar ta wuce mita 40, duk wurin taka birkin ya shige cikin wannan giɓi. Da sau 10, giɓin ya dawo mita 4. Shi ya sa manhajar waya kaɗai takan ba ka lokacin zagaye da dama-dama, amma idan ka tambaye ta inda ka fara birki sai ta yi maka kirdado.

Ɗaurawa ba wuya. Abin da ke son natsuwa shi ne kyamara: a tsakiyar gilashi ake sa ta, kuma kafin fita na'urar kan nuna maka hoto da layuka domin ka daidaita shi. Kada ka yi wannan a gaggauce ana ɗaga maka hannu ka shiga layi. Ni nakan gama shi tun motar tana wurin ajiya, injin a kashe. Filaye da yawa na duniya suna cikinta tun daga masana'anta, tana gane inda kake da kanta, kuma ita ke fara ƙirga lokaci idan ka tsallake layi. Ba maɓallin da za ka taɓa kana tuƙi, kuma wannan ya kwanta mini a rai.

A kan hanya allon ba ya cika ido da tarkace. Lokacin zagayen da ya wuce, lokacin da ya fi kyau, sai babban adadi da ke nuna ko kana gaban zagayenka mafi kyau ko kana bayansa, kore ko ja. Gaskiya ban cika son wannan adadin ba. Yana jan ido, kuma idon da ya sauko kan allo a tsakiyar kwana ya bar aikinsa. Nakan karkatar da allon yadda sai a miƙaƙƙiyar hanya zan iya kallonsa. Abin da na fi dogaro da shi shi ne murya. Ana haɗa ta ta Bluetooth da rediyon mota ko da abin sawa a kunne a cikin hular kwano, kuma bayan ka yi 'yan zagaye ta san tuƙinka, sai ta fara magana kafin ka isa kwana: ka jinkirta birki, ka jinkirta juya sitiyari, ka riƙe gudu. Idan ka yi daidai ta yaba a taƙaice. Ba ta da surutu, kuma za ka iya rage ta ta koma faɗin lokaci kawai. A mota mai buɗaɗɗen rufi irin tawa, Mazda MX-5, iska da ƙarar inji sukan cinye rediyo, don haka abin kunne ya fi.

Amma ainihin darajarta sai ka dawo ka kashe mota. Nan take, tun birki yana ƙas-ƙas yana hucewa, za ta fito maka da wurare uku da ka fi zubar da lokaci, kowanne da bidiyonsa, da inda ka taka birki, da inda ka kusanci gefen ciki na kwana, da gudun da ka fita da shi. Ba kwamfuta, ba sauke fayil, ba jiran dare. Tsakanin fita da fita yawanci hutun bai wuce ka sha ruwa ka duba taya ba, kuma a cikin wannan ɗan lokaci ka riga ka san abin da za ka gwada in an sake buɗe hanya. Kana iya zaɓar wurin da kake son muryar ta tuna maka da shi a fita ta gaba.

Sai abin da suka gina na'urar a kansa, wato zagaye mafi kyau da za ka iya yi. Yadda aka saba lissafa shi a wasu na'urori shi ne a yanka fili gida-gida, a ɗauki lokacinka mafi sauri a kowane yanki, a tara. Matsalar wannan lissafi a bayyane take ga wanda ya taɓa tuƙi: kana iya gama wani yanki da mugun sauri saboda ka shiga kwana da gudun da ya fi ƙarfinka, sannan ka biya bashin a yankin da ke biye, ka fita da faɗi kana fama da sitiyari. In aka haɗa saurin yankin farko da saurin yanki na biyu daga wani zagayen, an samar da lokacin da ba motar da za ta iya yi. Catalyst tana ƙoƙarin haɗa guntayen da za su iya haɗuwa ne kawai, inda layin da gudun ƙarshen wannan suka dace da farkon wancan, kamar tela da ba ya haɗa ƙyalle sai bakinsu ya zo ɗaya. Sannan ta nuna maka bidiyon wannan zagaye da aka ɗinka daga tuƙinka. Lokacin da na fara kallon nawa na daɗe ina maimaita shi. Motata ce, hannuna ne a kan sitiyari, ranar ce, tayoyin ne. Ba wanda zai ce ai wancan ƙwararre ne ko motarsa ta fi ƙarfi. Duk abin da ke cikin bidiyon na riga na yi shi a yau, ban dai yi shi a zagaye ɗaya ba. Wannan ya sauya yadda nake kallon lamarin gaba ɗaya: abin nema shi ne maimaita abu mai kyau a kowane zagaye, tun kafin a je ga neman ƙarin jarumta.

Bari in kawo kwana ɗaya, domin a nan na fi ganin aikinta. A filin da na fi zuwa akwai kwanar dama mai tsauri, ana shiga da giya ta biyu, kuma daga ita ake fita zuwa hanya mafi tsawo a filin. Akwai dakali mai fentin ja da fari a gefen ciki, tayoyi sun baƙanta farkonsa. Wannan baƙin yana kiran ido. Mutum yana hango shi sai hannu ya juya, mota ta taɓa dakalin tun a farkonsa, alhali kwanar ba ta kai rabi ba. Sakamakon shi ne a wajen fita hancin mota yana kallon ciyawa, dole ka ƙara sitiyari, dole ka jira kafin ka danne totur. A cikin mota ba a jin wannan a matsayin jinkiri, domin shigar da sauri aka yi ta, taya ma har da ƙara. Na'urar ta nuna mini zagaye biyu gefe da gefe. A ɗaya na taɓa dakalin a farkonsa. A ɗayan, wanda wata mota a gabana ta sa na yi birki da wuri, na juya a makare, na taɓa dakalin can kusa da ƙarshensa inda fentin yake da haske, motar ta miƙe da wuri, na buɗe totur tun ina cikin kwana. Wannan zagayen da na ɗauka an ɓata mini shi, shi ne ya fi sauri daga wannan kwana har ƙarshen miƙaƙƙiyar hanya. Hausawa suka ce sauri ya haifi nawa, to ga shi a kan allo da layi biyu masu launi daban.

Lissafin ma yana goyon bayan haka, kuma kowa zai iya yinsa da biro. A ce kana zuwa da kilomita 144 a awa, za ka rage zuwa 72. Idan ka jinkirta birki da mita 5, abin da ka samu shi ne ka ci waɗannan mita 5 da gudun mita 40 a sakan maimakon mita 20, ribar ba ta wuce kashi ɗaya cikin takwas na sakan ba, kuma ka saye ta da haɗarin wuce kwana. To dubi ɗaya gefen. Hanya mai tsawon mita 500, idan matsakaicin gudunka a kanta kilomita 140 ne, za ta ci sakan 12.86. Idan fita mai kyau ta ɗaga matsakaicin zuwa 144, sakan 12.5 za ta ci. Riba ta haura sulusin sakan, ba tare da ka matsa wa birki ko zuciyarka ba. A ƙaramar mota marar ƙarfin inji abin ya fi tsanani, domin gudun da ka yasar a kwana ba ƙarfin da zai dawo maka da shi.

Abin da ya burge ni shi ne na'urar ba kullum take cewa ka ƙara ba. Sau da yawa shawararta ita ce ka taka birki da wuri. Mai neman sauri ba ya son jin haka, amma idan ya gwada ya ga kore a ƙarshen hanya, gardama ta ƙare.

Yanzu ga iyakarta, kuma wajibi ne mai saye ya san ta. Catalyst ba ta haɗuwa da kwamfutar mota. Ba ta san yawan totur da ka danna ba, ba ta san ƙarfin da ƙafarka ta sa wa birki ba, ba ta san juyin inji ko zafin ruwa ba. Abin da take ji shi ne motar ta rage gudu ko ta ƙara. Wannan ya isa ga yawancin abin da ɗan sha'awa ke buƙata, amma akwai wurin da ya gaza. Babban sirrin shiga kwana yana cikin yadda ake sakin birki. Idan ka danne birki nauyin mota yakan koma tayoyin gaba, su kama kwalta da kyau. In ka ɗage ƙafa farat ɗaya, nauyin ya koma baya daidai lokacin da kake son gaba ta juya, sai hanci ya ƙi shiga. In ka saki a hankali kana ƙara sitiyari, motar takan juya da kanta cikin sauƙi. Na'urar tana iya nuna maka sakamakon, ta ce gudunka a tsakiyar kwana ya yi ƙasa, amma ba za ta ce maka ƙafarka ce ke tashi da gaggawa ba. Wannan sai mutum.

Na san haka domin na ɗauki malamin tuƙi ya zauna a gefena, na'urar tana kunne. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Bai kalli allon ba ko sau ɗaya. Kaina yake kallo da ƙafafuna. Da muka tsaya ya ce mini idona yana tsayawa a kan dakalin har sai na iso shi, alhali tun ina kan birki ya kamata in waiga ta tagar gefe in nemi mafita. A fita ta gaba, da mun doshi kwanar sai ya miƙa yatsa can gaba inda kwalta ke haɗuwa da ciyawa a wajen fita, ya riƙe yatsan a wurin har muka wuce. Hannuna ya bi idona, juyawar ta jinkirta da kanta, ban ma yi tunaninta ba. Na'urar ta gaya mini abin da ke faruwa da kuma nawa yake ci mini. Malam ya nuna mini dalilin. Da za a ce in zaɓi ɗaya a farkon farawa, malam zan zaɓa ba tare da jinkiri ba. Amma malam yini ɗaya yake tare da kai, ita kuwa tana nan duk fita, tana tabbatar maka ko darasin ya zauna ko ya fara zamewa.

Haka nan ba ta san lafiyar motarka ba. Iskar taya tana ƙaruwa idan taya ta yi zafi, a filin tsere takan tashi da psi (ma'aunin iskar taya) biyar ko fiye daga yadda ka auna da safe, kuma tayar titi da ta yi zafi fiye da kima sai ta fara santsi. A irin wannan hali lokacinka zai lalace ko da tuƙinka bai canja ba, muryar kuma tana gwada ka da zagayen da ka yi tayoyi suna da daɗi. Idan ka ji mota ta fara zamewa a inda ɗazu take kamawa, kada ka biye wa jan adadi, ka sassauta zagaye ɗaya ka shigo, ka sa ma'auni a taya tun tana da zafi. Birki ma haka. Man birki na DOT 4 ƙa'idarsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 230 idan sabo ne, amma yana shan danshi daga iska, kuma idan ya sha, ƙa'idar ta sauko zuwa 155. Man da ya shekara biyu a mota yana iya tafasa a fili, feda ta yi laushi ta tafi ƙasa. Ba na'urar da za ta gargaɗe ka da wannan. Kafin ka kashe kuɗi a kan allo, ka sa sabon man birki mai jure zafi da takalman birki masu kauri. Ina faɗin wannan da gaske, domin na'urar da ke ce maka ka jinkirta birki tana ɗauka birkin yana nan.

Ba ta ganin tuta kuma. Rawaya ta ce ka rage gudu kada ka wuce kowa, ja ta ce an dakatar da fita, shuɗiya ta ce mai sauri yana bayanka. Sabon shiga yana da abin da ya ishe shi: madubi, tutoci, wurin da aka yarda a wuce, hanyar shiga da fita. Ƙara masa murya da adadi mai canja launi nauyi ne a kan nauyi. Shi ya sa na ce ba ta ranar farko ba ce.

Akwai kuma abin da za ka bincika tun kafin ka biya kuɗin rana. Ba kowane mai shirya taro ne ke yarda da auna lokaci ba. A Ingila da yawa daga masu shirya irin waɗannan ranaku sun hana, saboda inshorarsu ta tuƙin nishaɗi ce ba ta gasa ba. A Nürburgring ta Jamus, tsohuwar hanyar nan mai tsawon kilomita 20.8, an hana auna lokaci a sa'o'in da ake buɗe wa jama'a. Wasu wuraren kuma suna da sharaɗi kan abin da ake mannawa a gilashi, sukan nemi a ƙara masa igiyar tsaro. Allo mai inci 7 ba ƙaramin abu ba ne a ƙaramar mota, sai ka nemi inda ba zai tare maka ganin kwanar da ke gefensa ba. Ka tambayi masu shiryawa, ka bi abin da suka ce.

Ga wanda ke son wata hanya, akwai. RaceBox Mini 'yar ƙaramar na'ura ce da ke duba wuri sau 25 a sakan, wato mita 1.6 a gudun da muka yi misali da shi, tana aika bayani zuwa waya, kuma manhajoji irin su RaceChrono suna aiki da irin waɗannan na'urori. AiM Solo 2 DL ta kamfanin Italiya tana iya karanta bayanan kwamfutar mota, ga wanda ke son ganin totur da juyin inji a zane. Waɗannan suna ba ka bayani mai yawa, wani ma ya fi na Catalyst zurfi, amma kai za ka zauna ka fassara shi. Na ga mutane da dama da suka tara irin wannan bayani na shekaru ba su taɓa buɗe shi ba, domin bayan yini a fili gajiya ba ta barin mutum ya zauna gaban kwamfuta yana bin layuka. Idan kai mai son zane da lissafi ne, kuma kana da haƙurin koyon manhaja, AiM za ta kai ka nesa. Idan abin da kake so shi ne a gaya maka abu uku a cikin hutun da kake da shi, Catalyst ce.

Yadda nake amfani da ita yanzu ya bambanta da farko. Fitar safe ina kashe muryar, in ɗumama taya da birki, in ga yadda kwalta take a ranar. Daga cikin wurare ukun da ta nuna, ɗaya nake ɗauka, kuma kusan kullum kwanar da ke fita zuwa doguwar hanya nake fara zaɓa. Ita kaɗai nake aiki a kanta har sai gudun fitata ya daina hawa da sauka daga zagaye zuwa zagaye, sannan in koma ta biyu. Abin da nake dubawa da yamma shi ne tazarar da ke tsakanin zagayena mafi kyau da wanda na'urar ta ɗinka, da kuma yadda lokutana suka kusanci juna. Idan tazarar ta matse har ta kusa rufewa, to na'urar ta ba ni abin da ke cikin tuƙina na yanzu, domin daga abin da na riga na yi take ɗinki. A nan nake sake neman malam ya zauna a gefena ya nuna mini abin da ban taɓa gwadawa ba.